Turmin sama da aka wanke wa jijiya yana ciwo har yanzu, wai akwai hanya ta huɗu?

Abban Hanifa, Pantami, Gombe

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina neman shawara, musamman daga likitocin haƙori ko duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali. Turmina ne na sama ɓangaren dama, na shida in ka ƙirgo daga haƙorin gaba na tsakiya, a katina sun rubuta masa lamba 16. Bara ya yi kogo ya dinga hana ni barci, naje wani asibiti mai zaman kansa aka ce ko dai a cire ko kuma a yi rut kanal, wato a wanke jijiyar a cike. Ni kuma bana son cirewa don an riga an cire min ɗaya ta hagu a ƙasa, duk taunata ta koma dama. Aka yi aikin, aka cike, aka ɗau hoto, likitan ya nuna min fararen layuka guda uku sun tafi har ƙarshen saiwa yace komai ya yi daidai.

To wlh ciwon bai tafi gaba ɗaya ba. Ba irin zogin nan na da ba mai hana barci, amma in na tauna nama ko gyaɗa sai inji kamar haƙorin ya fi sauran tsawo, sannan akwai wani ɗan ƙurji da yake fitowa a dasashi can sama ta wajen kunci, ya fashe ya fitar da ɗan ruwa mai ɗaci, ya ɓace, bayan kwana biyu ya dawo. Amoksil da filajil kam na sha har cikina ya fara damuna, in ina sha ya lafa in na daina ya dawo, ga kanumfari ga ruwan ɗumi da gishiri duk ina yi.

Shine naje wajen wani likitan daban, ya ƙwanƙwasa haƙorin ya ɗau nasa hoton, yace min yana zargin haƙorin hanya huɗu gare shi ba uku ba, an wanke uku an bar ɗaya, kuma wai ƙaramin hoton nan ba ya nuna ta, sai inje a min wani sikanin da ake ce ma CBCT wanda su ba su da na'urar, sai na yi tafiya. Nan ne kaina ya ɗaure. Ta yaya haƙori mai saiwa uku zai zama da hanya huɗu, kuma ta yaya hoto har biyu ba zai nuna ba? Sikanin nan dole ne ko dai hanyar ƙarin kuɗi ce kawai? Kuma ance haskensa yana da illa ga kai. Ko in haƙura kawai a tumɓuke shi in huta, don gaskiya kuɗin da na kashe a kan haƙorin nan ba kaɗan bane.

Maman Walid, Jekadafari

Wa alaikumus salam ƙanina, sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ciwon haƙori wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Ni dai shawarata ka cire kawai. Nima an min irin wannan aikin a turmin sama bayan haihuwar autana, na dinga zarya ana buɗewa ana sa magani ana rufewa, ƙarshenta dai kumatuna ya kumbura har idona ya ƙanƙance aka cire, tun ranar ban sake jin komai ba. Kuma da aka cire ma haƙorin a farfashe ya fito gutsu gutsu. Yanzu kace mutum ya hau mota ya tafi wani gari don hoto kawai, ga kuɗin mota ga kuɗin hoto ga kuɗin sake aiki, kuma ba tabbas zai yi, a wannan marra da ake fama da na cefane. Iyayenmu a ƙauye an cire musu haƙora suna cin tuwonsu lafiya lau. Amma dai bari likitoci su zo muji, ni abin da ya faru da ni na faɗa.

Likitan Haƙori, Bauchi

Wa alaikumus salam Malam Abban Hanifa. Hajiya Maman Walid kin yi gaskiya kan batun kuɗi kuma zan dawo kansa, amma bari in fara da tambayarsa ta farko don ita ce ginshiƙin maganar. Ban ga bakinka ba ban ga hotonka ba, don haka ba hukunci nake yanke maka ba, amma abin da likita na biyu ya gaya maka ba ƙirƙira bane, abu ne da duk mai aikin jijiyar haƙori ya san shi kuma yake tsoronsa.

Turmin sama na farko, wato 16 a dama 26 a hagu, yawanci saiwa uku gare shi. Biyu ta wajen kunci, ɗaya gaba ɗaya baya, sai babba guda ɗaya ta wajen ganɗa. Ta ganɗa da ta bayan kunci kusan kullum hanya ɗai ɗai ce a cikinsu, ba su cika ba da wahala ba. Matsalar tana wajen saiwar gaba ta kunci. Ita ba zagayayya bace, faffaɗa ce, ta yi faɗi daga kunci zuwa ganɗa amma ta yi siriri daga gaba zuwa baya, shi yasa sau da yawa hanya biyu ke bi ta cikinta. Ta biyun ita muke rubutawa MB2 a kati, ni dai hanya ta huɗu nake ce ma marasa lafiyana. Kaga saiwa uku hanya huɗu kenan.

Dalilin da hoto bai nuna ba kuwa, hasken ƙaramin eksire ta wajen kunci yake shiga ya fita ta ganɗa inda aka sa fim, su kuma hanyoyin biyu a jere suke a kan wannan layin, ɗaya a bayan ɗaya. Kamar mutum biyu ne suka tsaya ɗaya a bayan ɗaya ka ɗauke su hoto ta gaba, mutum ɗaya za ka gani. In an cike ta farko da roba ta fito fari tas a hoto to ta ma ƙara rufe ta bayanta. Ƙari a kan haka inuwar ƙashin kunci da ta kogon iskan da ke saman saiwoyin duk a wannan wurin suke faɗowa. Don haka fararen layuka ukun da aka nuna maka gaskiya ne, an cike uku, hoton ne kawai ba shi da bakin faɗin ko akwai ta huɗu.

Kuma ba abu ne da ake samu jefi jefi ba. Tun 1969 Weine da abokan aikinsa a Amurka suka yanka irin waɗannan haƙora suka ga hanya biyu a wannan saiwa cikin sama da rabi kaɗan. A 1990 Kulild da Peters suka duba da maikuroskof a ɗakin bincike suka samu sama da kashi 90 cikin 100. Da CBCT ya zo aka samu damar duba haƙoran mutane a bakinsu ba tare da an cire ba, shine a 2018 Martins ɗan ƙasar Fotugal da tawagarsa suka haɗa hotuna daga wurare 21 na duniya, suka samu hanya ta huɗu a kashi 73.8 na turmin sama na farko, mafi ƙaranci a Benezuwela kashi 48, mafi yawa a Beljiyam kashi 97.6. Ma'ana in ka zauna a kujerata da lamba 16, abin da ya kamata in ɗauka shine hanya huɗu ce har sai na tabbatar babu, ba wai uku ce sai in na ci karo da ƙari ba.

To me yasa ake tsallake ta? Anan nake so mutane su yi wa likitoci adalci kaɗan duk da ba ina wanke kowa bane. Bakin hanyar nan ƙarami ne ƙwarai, yana can kamar milimita 2 zuwa 3 daga bakin ta farko ta ɓangaren ganɗa, kuma yawanci wani ɗan leɓen haƙori ya rufe shi ruf sai ka kankare a hankali kafin ya bayyana, in ka kankare da yawa kuma ka huda ƙasan haƙorin ka ɓata aikin gaba ɗaya. In ka samu bakin ma, allurar farko ba ta shiga miƙe, hanyar tana fara lanƙwashewa gaba kafin ta juya, sai da mafi sirantar fayil, wato allurar wankin, lamba 6 ko 8 ko 10 da haƙuri. Duk wannan a can cikin baki kake yi, ta madubi, a juye, wani lokacin an ɗauke wuta janareta na tari fitilar kujera na rawa. Akwai binciken Buhrley na 2002 da nake yawan faɗa ma yaranmu: likitocin da suka yi aiki da ido zalla sun samo hanyar a kashi 17 ne kacal, masu tabarau mai ƙara girma kashi 62, masu maikuroskof kashi 71. Haƙoran iri ɗaya ne, idon ne ya bambanta. Stropko ma a 1999 ya ba da rahoton cewa shi kansa daga kashi 73 ya haura zuwa 93 bayan ya saba da maikuroskof da kayan aikin da suka dace. Shi yasa ni bana taɓa turmin sama ba tare da tabarau na ba, kuma ina ganin duk wanda zai yi wannan aiki a Bauchi ko Gombe, ko bai iya sayen maikuroskof ba, tabarau da fitilar goshi bai kamata su gagare shi ba.

Illar barinta ita ce ragowar jijiyar da ta mutu tana nan ciki da ƙwayoyin cuta, kuma jini ba ya shiga wurin balle maganin da kake haɗiya ya kai. Shi yasa amoksil yake kwantar maka da shi ya dawo, yana kashe na waje ne tushen yana nan. Dan Allah ka daina sha haka nan. Binciken Karabucak na 2016 da aka yi da CBCT ya nuna haƙorin da aka bar masa hanya ba a wanke ba ya ninka sama da sau huɗu wajen samun ciwo a ƙarshen saiwa, kuma turmin sama na farko ne kan gaba wajen wannan tsallake, sama da kashi 40. Ƙurjin nan naka mai fashewa ya dawo, ƙofa ce da mugunya ta huda ma kanta ta ƙashi, shi yasa ba ka jin zogi sosai, tana samun mafita.

Mai Ɗaukar Hoto, Tumfure

Salam. Ni ba likitan haƙori bane, ɓangaren hoto nake aiki, bari in taɓa batun sikanin da kuma tsoron hasken. Da farko kar ka haɗa shi da babban sitisikan na asibiti wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin rami. CBCT a tsaye ko a zaune ake yi, ka ɗora haɓa ka ciji wani ɗan abu, hannun na'urar ya zagaya kanka sau ɗaya cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 haka, yana ɗaukar ɗaruruwan ƙananan hotuna, kwamfuta ta haɗa su. Daga nan likita zai iya yanka haƙorin a allo ta duk inda yake so, ya bi saiwar daga wuya zuwa ƙarshe sala sala, a yankan kwance sai kaga saiwar nan faffaɗa da farin ɗigo na roba a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma ko dai ɗan baƙin ɗigo ko fili babu komai. In farin ɗigon ya karkata wajen kunci bai zauna a tsakiyar saiwa ba, to ko ba a ga ramin ƙarara ba an san akwai wata hanya a ɗaya gefen. Na'urar ba tsohuwa bace, ƙarshen shekarun 1990 ta fito daga Italiya da Japan, alhali hoton haƙori na farko tun 1896 Walkhoff ya ɗauka a Jamus, a bakinsa, ya zauna minti 25 ana haska shi.

Batun illa, bari in baka lissafi ka auna da kanka. Da maikurosibat ake auna hasken da jiki ya sha. Kowane ɗan adam yana shan kimanin 2,400 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama ko bai taɓa shiga asibiti ba. Ƙaramin hoton haƙori wajen 5 ne ko ƙasa da haka. CBCT na ɗan ƙaramin fili, wanda ya ɗauki haƙora kaɗan kawai, yawanci gomomi ne, ya danganta da na'ura da yadda aka saita ta, wasu sukan haura 100. Sitisikan na kai kuwa wajen 2,000 ne. To kaga ba abin tayar da hankali bane, amma kuma ba abin da za a dinga yi ma kowa don sha'awa bane, musamman yara. Mace in tana da ciki ta faɗa kafin a fara.

In har za ka je, ga abin da nake ganin mutane suna asara a kai. Ka sa likitan ya rubuta a takarda cewa ƙaramin fili yake so a kan lamba 16 kuma mai kaifi, ƙwayar hoton, wato ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su yi hoton, kar ta wuce milimita 0.2, in na'urar tana yin 0.1 ko ƙasa ya fi, don in aka maka babban fili na dukkan muƙamuƙi irin na masu dashen haƙori ka sha haske da yawa kuma siririyar hanyar ba za ta fito ba. Kar ka yarda a maka OPG a ce ai duk ɗaya ne, OPG shine dogon hoton nan mai nuna duka haƙora a jere, shi ma shimfiɗaɗɗe ne ba zai amsa tambayar ba. Ka kira ka tabbatar na'urar tana aiki kafin ka biya kuɗin mota. Ka tafi da filas ko ka karɓi faifai a zuba maka cikakken fayil ɗin, ba takarda ɗaya da aka buga ba ko hoton allo ta WhatsApp, don likitanka yana buƙatar ya juya shi da kansa. Lokacin ɗauka kuma kar ka motsa ko haɗiyar yawu, ɗan motsi kaɗan yana dusashe komai.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani, robar cikon da ƙarfe in akwai suna watsa wasu layuka a hoton, wani lokacin su rufe abin da ake nema ko su yi kama da tsagewa alhali ba ita bace. Don haka sai wanda ya iya karantawa.

Abban Hanifa, Pantami, Gombe

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Adda Maman Walid na ji maganarki kuma wlh abin da ke raina kenan da farko. Likita yanzu na fahimci batun saiwar, don da ina ganin kamar wasa ake min da hankali. Amma tunda kace kusan kowa yana da ita, me zai hana kawai a buɗe haƙorin a neme ta ba sai an yi sikanin ba? Sannan na manta ban faɗa ba, tun da abin nan ya fara hancina na dama yana yawan toshewa kuma in na sunkuya a sallah ina jin nauyi a kumatu ta wannan gefen, majinar ma wani lokacin da ɗan wari, ban san ko mura ce daban ba ko suna da alaƙa.

Ɗalibar Haƙori, 'yar Kumo

Salam, ni ɗaliba ce ina aji na ƙarshe, Yallaɓai Likita a gyara min in na kauce. Ina so in ƙara wani abu ne da zai nuna me yasa wani an bar masa hanya ta huɗu amma bai taɓa jin komai ba, wani kuma kamar Baban Hanifa yake wahala. Hanyoyin biyu ba kullum suke tafiya iri ɗaya ba. Vertucci a 1984 ya ɗauki haƙora 2,400 ya narkar da sinadarin ƙarfinsu har suka zama garau ana ganin ciki, ya zuba rini a hanyoyin, ya kasa su gida 8, har yau shi muke haddacewa. A wannan saiwa waɗanda aka fi gani su ne gida na ɗaya, hanya ɗaya tak, sai na biyu inda suke farawa biyu su haɗe kafin ƙarshe su fita ta ƙofa ɗaya, sai na huɗu inda kowacce take tafiyarta ta fita ta ƙofarta. In na biyu ne kuma an cike ta farko da kyau har ƙarshe, an toshe ma ɗayar mafita, mutum zai iya zama lafiya shekaru. In gida na huɗu ne kuwa ƙofar a buɗe take tana zuba cikin ƙashi.

Mu a makaranta cirarrun haƙora ake sa mu tara mu yi ta gwaji a kansu kafin a bar mu mu taɓa mutum. Ranar da na fara ganin ta huɗun, bayan na buɗe na wanke sai malaminmu yace in cika ramin da ruwan wankin nan mai bilic in sa ido, can sai ga ƙananan kumfa suna tasowa daga wani ɗan layi mai duhu a ƙasan ramin inda ni ban ga komai ba, yace to nan ne, ragowar nama ne ruwan yake ci. Na kankare kaɗan fayil ya shige. Kuma haƙoran tsofaffi sun fi wuya sosai don da shekaru haƙori yana ƙara gina kansa ta ciki hanyar tana tsukewa, har ta kusa toshewa, shi yasa a hotunan CBCT ma an fi ganinta a matasa. Turmi na biyu, 17 da 27, shi ma yana yi amma bai kai na farko ba, kuma shi saiwoyinsa sukan manne da juna. Burina in na gama in ga mun tara hotunan mutanenmu na Arewa maso Gabas mun ƙirga namu, tunda tsakanin ƙasa da ƙasa ma an ga bambanci mai yawa haka.

Likitan Haƙori, Bauchi

Ƙanwata ba gyara, haka yake, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Malam Abban Hanifa tambayarka mai kyau ce, kuma amsar ita ce eh ana iya buɗewa a nema ba sikanin, kullum muna yi. Ƙungiyar likitocin jijiyar haƙori ta Amurka da ta masu hoton baki sun fitar da matsaya tare a 2015 cewa CBCT ba na kowane haƙori bane, ƙaramin hoto shine farko, sai inda ya gaza ko aikin farko bai warke ba. Kafin a tura mutum tafiya akwai dabaru masu arha. A sake ɗaukar ƙaramin hoton a karkace, a gusar da bututun kamar digiri 20 gefe, sau da yawa hanyoyin sukan rabu kaɗan ko a ga cikon bai zauna a tsakiyar saiwa ba. Sannan tunda kana da ƙurji, a zura siririyar robar ciko ta bakinsa a hankali a ɗau hoto, za ta je ta nuna saiwar da mugunyar take fitowa, ba zafi. In ta nuna saiwar gaba ta kunci, dasashi lafiya ba rami mai zurfi, to mai tabarau da haƙuri zai iya shiga kai tsaye.

Amma maganar hancin nan da ka ƙara ta sauya min lissafi. Saiwoyin turmin sama suna dab da kogon iskan da ke cikin ƙashin kunci, wani ƙashin da ya raba su siriri ne ƙwarai, wani ma saiwar ta kutsa ciki. Ciwon ƙarshen saiwa yana iya kumbura fatar kogon har ya zama toshewar hanci gefe ɗaya, nauyi in an sunkuya, majina mai wari, mutum ya yi ta shan maganin mura a banza. Toshewar gefe ɗaya kuma gefen haƙorin, ni a wajena wannan dalili ne mai ƙarfi na yin sikanin, don zai nuna hanyar, ya nuna girman ramin da ke ƙashi, ya nuna halin da kogon yake ciki, kuma ya taimaka a gane ko haƙorin ya cancanci a sake kashe masa kuɗi tun kafin ka kashe. Nan ne nake ganin kuɗin hoto yana iya zama tanadi ba asara ba.

Hajiya, cirewa ba laifi bane, akwai inda ni da kaina nake cewa a cire: in saiwa ta tsage a tsaye, in abin da ya rage na haƙorin bai isa a ɗora masa hula ba, wato murfin da ake kifa wa haƙori, ko ƙashin da ke riƙe shi ya cinye. Naki mai yiwuwa irin haka ne. Amma shi an riga an cire masa ɗaya a hagu, in aka cire wannan na ƙasa da yake karo da shi zai fara tasowa, na bayansa ya kwanto gaba, tauna ta lalace gefe biyu. Kuma cire turmin sama da aka wanke ba wasa bane, yana farfashewa kamar yadda naki ya yi, wani lokacin ma a samu ɓula tsakanin baki da kogon iskan sai an ɗinke. Dashen haƙori kuma ya fi sake wanki tsada nesa ba kusa ba.

In aka sake aikin, za a cire tsohuwar robar duka, a nemo ta huɗun, a wanke, yawanci a sa magani a rufe na ɗan lokaci, in ƙurjin ya bushe a cike a ɗora hula don kar ya tsage. Ƙurjin yakan ɓace cikin sati ɗaya zuwa biyu in an dace, ƙashi kuma sai wata 6 zuwa shekara kafin a ga ya cike a hoto. In hanyar ta toshe ta ƙi shiguwa akwai ƙaramar tiyata ta dasashi a yanke kan saiwar. Ka nemi wanda ya saba da aikin jijiya, asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe da na ATBU a Bauchi duk suna da sashen haƙori, ka tafi da tsofaffin hotunanka duka. In kuma ka ga kumburi ya nufi ido, ko zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, kar ka jira komai ka tafi asibiti a ranar.

Maman Walid, Jekadafari

To Likita na ji, Allah ya saka. Tunda ana maganar, Walid ɗina shekararsa 8, turminsa na can ƙarshe a sama ya yi baƙin rami yana cewa ruwan sanyi na taɓa shi, babansa yace a bar shi ai na nono ne zai faɗi da kansa, haka ne?

Likitan Haƙori, Bauchi

Hajiya in na can ƙarshe ne a yaro ɗan shekara 8 to kusan tabbas ba na nono bane, shine wannan lamba 16 ko 26 ɗin da muke magana. Yana fitowa ne wajen shekara 6 a bayan na nono ba tare da wani ya faɗi ba, shi yasa iyaye suke ɗauka na nono ne, kuma ba a sake shi. A shekarunsa saiwar ma ba ta gama rufewa ba sai wajen 9 zuwa 10, wankin jijiya a irin wannan ya fi na babba wuya. Ki kai shi a duba cikin satin nan, in ramin bai kai jijiya ba ciko ne kawai, zama ɗaya an gama.